An sace wayar mahaifiyata a gidan biki, an kwashe kuɗin adashi. Ƙaramar waya ce mafita?

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Ranar Asabar mahaifiyata ta je biki a Runjin Sambo, nan cikin Sakkwato, cikin cunkoson mata aka zare mata waya daga jaka. Ba ta lura ba sai da ta tashi komawa gida. Ta ɗauka ma a ɗaki ta manta ta, don haka ba ta gaya wa kowa ba sai bayan isha'i da aka yi ta nema aka rasa. Litinin da safe na raka ta banki aka buga mana takarda: naira dubu 187 sun fita tun daga yammacin Asabar zuwa Lahadi, kaɗan-kaɗan, wasu an sayi kati, wasu an tura wani asusu. Kuɗin matan unguwa ne, ita ce uwar adashi. Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Ni na saya mata wayar bara don ta riƙa ganin jikokinta na Kaduna a bidiyo. Yanzu na yanke shawarar in mayar da ita ƙarama mai madannai, irin wadda ake ce wa rakani-kashi, domin a ganina babbar waya ba ta dattawa ba ce, ita ta jawo mana wannan. Ƙanwata ta ce ba haka ba ne. Ku da kuka san harkar, me kuka gani?

Ummu_Sadiq:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar mata da mafi alheri. Don Allah ka lallashe ta, kuɗin amana sun fi na kai ciwo. Ku tara matan adashin ku yi musu bayani da takardar bankin a hannu, kada a bar Inna ita kaɗai da zancen.

Bala_MaiPOS:
Ɗan'uwa Allah ya tsare gaba. Shekara biyar ke nan ina sana'ar POS a bakin Tsohuwar Kasuwa, kuma irin wannan kukan ba ya yanke mini. Ƙanwarka ta fi ka gaskiya. Ɓarawon yanzu ba wayar ce gabansa ba, layin da ke ciki yake so. Yana zare waya zai kashe ta, ya cire sim, ya sa a wata 'yar ƙarama irin wadda kake shirin saya. Saƙon alat ya nuna masa bankin da take, lambar da banki ke turowa don tabbatar da mai asusu ita ma a hannunsa za ta sauka. Ka ce an sayi kati da kuɗin. Wannan ba ya buƙatar babbar waya ko data, lambobin nan ne masu farawa da tauraro. Da rakani-kashi ce a jakarta ranar, abin da ya faru shi zai faru, sai dai asarar kuɗin wayar ta ragu.

Haliru_Gwadabawa:
Ni dai ina bayan Dan_Mabera. Tsohonmu ya hi shekara goma shina riƙe da ƙaramar waya, ba a taɓa cin mai ko kwabo ba. Wagga babbar waya kullum sai an turo wani abu an ce danna nan. Mutumin da bai yi boko ba ƙaƙa za shi gane na gaskiya da na ƙarya? A bar ma yara kayansu.

Bala_MaiPOS:
@Haliru_Gwadabawa, layin Baba yana haɗe da asusun banki?

Haliru_Gwadabawa:
A'a, ba shi da asusu. Kuɗinai na hannunai.

Bala_MaiPOS:
To shi ya sa, Malam Haliru. Babu abin da za a ɗauka a layin nasa. Inna kuwa tana riƙe da kuɗin mutane a banki, dole layinta ya zama ƙofa.

Injiniya_Nura:
Bari in ƙara a kan abin da Bala ya faɗa, domin akwai maganin da mutane da yawa ba su san da shi ba. Sim yana da makulli nasa na kansa, daban da makullin fuskar waya. Za ka ga mutum ya sa zanen yatsa, ya sa lambar sirri mai tsawo, ya ɗauka ya gama, alhali sim ɗin a buɗe yake, duk wayar da aka sa shi zai kama aiki. Idan ka kunna makullin sim, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka cire shi aka kai wata waya, sai ya nemi PIN kafin ya kawo sabis. Babu kira, babu saƙo, babu lambar banki.

Yadda ake yi: ka shiga saitin waya, ɓangaren tsaro, ka nemi wurin kulle sim. Ƙananan wayoyi ma suna da shi. Zai fara tambayar PIN na asali da kamfani ya sa wa layin, sannan ka canza zuwa naka. In ba ka san na asalin ba kada ka yi ta cankawa. Ka kira 300, tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta mayar da ita lambar kula da masu layi a duk kamfanoni, ka tambaye su. Kuskure sau 3 layin zai kulle ya nemi PUK, lamba 8 ce da ke rubuce a jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. PUK kuma in aka yi kuskurensa sau 10, sim ya mutu ke nan, sai an je ofis an yi sabo.

Hajiya_Arkilla:
Injiniya ka yi magana mai kyau, amma a ƙara jan kunne. Ni ɗana ya sa mini wannan makullin bai gaya mini ba ya koma makaranta. Wayar ta mutu don rashin caji, da aka kawo wuta na kunna sai ta ce in sa lamba. Na sa ta buɗe waya, ta ƙi. Na sa ta ATM, ta ƙi. Na uku ya kulle. Katin sim ɗin kuwa ban san inda yake ba tun tashinmu daga tsohon gida. Kwana biyu ina zuwa ofishinsu ina bin layi cikin rana kafin aka buɗe mini. Duk wanda zai sa wa tsohuwarsa, ya zaunar da ita ya koya mata tukuna.

Injiniya_Nura:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. A fara nemo PUK a rubuta a ajiye a gida, sannan a kunna makullin.

Abu_Maryam77:
Na yi aikin banki shekaru kafin in koma kasuwanci. @Dan_Mabera, kada ka ji haushi, amma abin da ya fi cutar da ku shi ne jiran Litinin. Daga daren Asabar zuwa safiyar Litinin ɓarawo ya samu sararin da yake so. Ba sai an buɗe banki ake toshe asusu ba. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci ce, a sa lambar wayar da ke haɗe da asusun a dakatar da fitar kuɗi. Ta bankuna da dama tana ƙarewa da 911. Kowa ya tambayi bankinsa tasa yau, ya rubuta a takarda, ba a cikin wayar ba, domin wayar ce za ta ɓata. Bayan an toshe asusu sai a kira kamfanin layi a rufe layin, daga baya a je da NIN a dawo da shi, abin da ake kira walkam-bak.

Game da kuɗin da aka tura wani asusu, ku rubuta ƙorafi a rubuce, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku, ku kai rahoto wurin 'yan sanda. Asusun da kuɗin ya shiga yana da mai shi, yana da BVN. Ba na yi muku alkawarin za su dawo, domin galibi suna shiga ake kwashe su, amma in an yi sauri akan dace. In banki ya yi shiru, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, can ake ɗaukaka ƙorafi.

Dan_Mabera:
Na gode ƙwarai, ina karanta komai. Wallahi ban san ana toshe asusu da dare ba. Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko, domin yana yi mini nauyi. Inna tana yawan manta lambar sirrinta, sai na ajiye mata ita a cikin jerin sunayen waya, na rubuta "Banki" na sa lambobin huɗu. A kan sim aka ajiye sunayen, don in ta canza waya kada su ɓata. Jiya da daddare ƙanwata ta tuna mini. Ni da hannuna na rubuta.

Ummu_Sadiq:
Kada ka ɗora wa kanka, niyyarka taimako ce. Mu da yawa haka muke yi. Ni tawa a 'yar takarda take a bayan rigar waya tare da katin ATM, yanzu na tashi na cire su.

Malam_Sani_Kware:
Shi ya sa nake ganin dattijo bai kamata ya riƙe lambar sirri ba sam. Babban ɗa ya riƙe, layin bankin ma ya zauna a hannunsa. In tana son kuɗi ta yi magana a ciro mata. Haka muke yi a gidanmu kuma lafiya lau.

Maman_Hanifa:
Malam Sani, da girmamawa, ban yarda da wannan ba ko kaɗan. A gidanku Allah ya ba ku 'ya'ya masu amana, ku gode masa. A unguwarmu akwai dattijuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shekara uku tana tara kuɗin Umara, lambar tana hannun ɗanta. Ranar da ta ce a je a ciro, abin da ya rage bai kai kuɗin mota zuwa Kano ba. Ba ɓarawon biki ba ne, na cikin gida ne, kuma har yau ta kasa faɗa wa kowa sai mu da muke kusa, domin ɗa ne. Mace ta yi wahalar neman kuɗinta sannan a ce sai ta roƙa kafin ta taɓa?

Kuma ku daina cewa iyayenmu ba za su iya riƙe lamba huɗu ba. Matar da ke riƙe da lissafin adashin mutum talatin a ka, ta san wa ya zuba, wa ya yi fashi, wa ke da kwasa a wane mako? Matar da ta haddace surori da azkar na safe da yamma? Ba a zauna an koya musu ba ne, ana yi musu sauri-sauri ana karɓe wayar a danna musu. Ni mahaifiyata sati guda na yi ina sa ta danna da kanta bayan sallar asuba, yanzu ko ni ba na ganin abin da take dannawa, tana juya mini baya. Abin da kawai za a kiyaye, kada a zaɓi 1234, ko shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar wayarta.

Malam_Sani_Kware:
Na ji, Maman Hanifa. Amma tsufa iri-iri ne. Tamu idonta ya yi rauni, ba ta ganin madannan.

Maman_Hanifa:
Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Ko a haka a bar alat yana shiga wayar wani ɗan daban, ido biyu ya fi ɗaya.

Zainab_Danfodiyo:
Ni ɗaliba ce, kuma ina so in ce ba dattawa kaɗai ake yi wa ba. A zangon da ya wuce wani ya kira ni da sallama, ya ambaci sunana cikakke, ya ce shi ne sabon mai kula da zauren WhatsApp na ɗaliban sashenmu, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo mini lambar shiga in karanto masa. Saƙo ya shigo da lamba 6, na karanta masa. Ko minti biyu ba a yi ba WhatsApp ɗina ya fita. Kafin in farga an tura wa ƙawayena da 'yan'uwana cewa ina asibiti ina neman dubu ashirin. Yayar babata ta tura. Lambar nan ta rajistar WhatsApp ce, a jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, amma yana ta magana a kunnena ban tsaya karantawa ba. Da na sake rajista da layina sai na tarar ya sa nasa PIN na tabbaci mai mataki biyu, sai da na jira kwana 7. Don Allah kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna wannan PIN ɗin da kansa tun kafin wani ya riga shi, ya kuma duba wurin na'urorin da aka haɗa ko akwai wadda bai sani ba.

Bala_MaiPOS:
Haka suke yi, ba sa bari ka numfasa. Wani zai ce daga banki yake, BVN ɗinka ya samu matsala, yau za a rufe asusu. Zai karanto maka sunanka da ranar haihuwarka don ka yarda. Banki ba ya kiran mutum ya nemi PIN ko lambobin jikin kati ko lambar da aka turo. Kana jin an nemi ɗaya daga ciki, ka kashe, ka tafi reshe da ƙafarka.

Goggon_Yara:
Ku ba ku ambaci masu kiran tsakar dare ba. Wata ƙanwar kakarmu a Bodinga, ƙaramar waya gare ta hwa, anka kira ta wajen ƙarhe biyu na dare da wata irin murya, anka ce sarkin aljannu na, an zaɓe ta za a ba ta dukiya, amma in ta hwaɗa ma wani ɗiyanta za su mutu. Sati ukku tana sayen kati tana karanta musu, har ta sai da tunkiyarta biyu. Mai shagon kati ne ya lura ya kira ɗanta. To wanga mi babbar waya ta yi ciki?

Haliru_Gwadabawa:
Allah shi isar mata. Wanga kam tsoro na sunka yi amfani da shi.

Alhaji_Kara:
Tunda an zo kan masu kasuwa, ni alat na ƙarya ya ci ni. Farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kowa ya koma taransifa ko yana so ko ba ya so. Wani ya sayi raguna biyu a wurina a Kara, ya nuna mini fuskar wayarsa an rubuta kuɗi ya tafi, saƙo kuma ya shigo tawa da sunan bankina. Muka loda masa a mota. Da yamma na je POS ciro kuɗi, babu ko sisi. Tun ranar ba na kallon saƙo, ba na kallon wayar mai saye. Sai na duba ragowar kuɗin asusuna da kaina na ga ya ƙaru, sannan a kwance igiya. In sabis ya ƙi, mu zauna mu jira tare, ga tabarma ga ruwa.

Sadiq_MaiCaji:
Ina da shagon caji a Mabera, bari in kawo wani ɓangare, domin tsaron waya ba na kuɗi ba ne kaɗai. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, masu ƙera waya kuwa irin su Apple suna cewa a yi amfani da ita a ƙasa da 35. Sai ka ga mutum ya bar ta a gaban mota cikin rana, ko ya jona caji ya tura ƙarƙashin filo ya kwanta. Duk wayar da bayanta ya fara ɗagawa ko fuskarta ta ɓanɓaro, batirin ne ya kumbura. Ni ba na karɓarta a shagona, ko nawa za a biya. Kada a danne shi, kada a huda shi, a kai a canza. Wani yaro ya kawo mini ya ɗaure tasa da roba, wai don murfin ya zauna. Na taɓa ta kamar an ciro daga murhu. Cajar ɗari biyar ta bakin titi da wayarta ta zare ita ma ku rabu da ita, musamman in da janareta ake caji, ko hannu da danshi.

Abu_Maryam77:
Sadiq, ka yi haƙuri, amma wuraren caji ma ana cire wa mutane sim da memori. Da wuraren gyara da na tura fina-finai, inda ake kwashe hotunan mata.

Sadiq_MaiCaji:
Ana yi Alhaji, ba zan musa ba, a kowace sana'a akwai ɓata-gari. Ni da kaina nake ce wa mutum ya kashe wayarsa, ya cire sim da memori in suna ciruwa, in manna lamba a bayanta in ba shi ɗaya. Caji ba ya buƙatar a buɗe waya. Mai gyara ma in fuska ko wurin caji zai canza ba ya buƙatar lambar sirrinka, in zai gwada ya gwada a gabanka.

Zainab_Danfodiyo:
Tambaya don Allah. An turo wani saƙon murya a zauren gidanmu cewa sa waya a aljihun ƙirji ko cikin riga yana kawo ciwon daji. Gaskiya ne?

Nas_Rabi:
Zainab, a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin da waya ke fitarwa a rukunin abubuwan da ake zargi amma ba a tabbatar ba. Daga nan aka ci gaba da bincike, kuma wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin amfani da waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sa a sifika ko ya yi amfani da abin kunne, babu laifi. A 2011 ɗin ma an yi ta yaɗa cewa akwai lambar da in ka ɗauka za ka mutu, har sai da NCC ta fito ta ƙaryata.

Abin da nake gani da idona a ɗakin haɗari daban ne. Ɗan kabu-kabu ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ga mace da goyo a baya. Mai mota yana duba saƙo a shataletale. Yaro ya toshe kunnuwa biyu yana tsallaka titi bai ji hon ba. Waɗannan su ake kawo mana da karaya da fashewar kai. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana waya a kan tuƙi, amma fasinja ma yana da baki. Ni in ɗan kabu-kabu ya ɗauki kira nakan ce ya tsaya ko in sauka.

Admin_Zaure:
Jama'a mun gode, amma a dawo kan tambayar Dan_Mabera. Ya saya wa Inna ƙarama ko ya mayar mata da babba?

Yusuf_Tambuwal:
Kafin nan, ba za a iya bin sawun wayar ba? Na ji ana yi.

Injiniya_Nura:
Kowace waya tana da lambar IMEI mai lamba 15. In ka danna *#06# za ta fito, tana kuma jikin kwalin. @Dan_Mabera in kwalin yana nan ka kai wa 'yan sanda tare da rasit. In akwai asusun Google a wayar, ana iya shiga daga wata waya a kulle ta ko a goge abin da ke ciki, muddin ta hau intanet. Amma in ta nuna maka wuri kada ka tafi kai kaɗai. Wannan lambar ce kuma ke jefa masu sayen waya ta hannu cikin matsala. Ana bin sawu a iske ta hannun wanda ya saya da kuɗinsa, shi za a fara kamawa. Duk mai sayen ta hannu ya karɓi rasit mai IMEI, ya san shagon.

Yusuf_Tambuwal:
Haka ya faru da abokina, kwana uku ya yi a tsare kan wayar dubu 35. Kuma a ƙara da masu ba da NIN ɗinsu a yi wa wani rajistar layi don an ba su 'yan kuɗi. Tun Disambar 2020 aka fara haɗa layi da NIN, duk abin da aka aikata da layin sunanka ne zai fito. A yanayin tsaron da muke ciki a gabashin jihar nan wannan ba abin wasa ba ne.

Haliru_Gwadabawa:
Admin ya ce a dawo, to na dawo. Na yarda sim na ƙohwa, Bala ya gamsar da ni nan. Amma ku ma ku yarda ƙaramar waya ba ta buɗe linkin tallahin gwamnati na ƙarya, ba a sa mata manhajar bashi da ka kwashe sunayen mutane tana zagin su, ba a sace WhatsApp cikinta. Ƙohwa guda ta hi ƙohwa goma sauƙin tsaro.

Bala_MaiPOS:
Wannan gaskiya ne Malam Haliru, ban ƙi ba. Ni abin da nake yi, layi biyu gare ni. Na banki yana cikin ƙaramar waya da makullin sim, ba na ba kowa lambarsa. Babbar waya da wani layin, ita ce ta WhatsApp da hira. Inna za ta iya haka, ta bar ta bankin a gida in za ta biki, ta ga jikokinta a ɗayar.

Abu_Maryam77:
Dabara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya. Layin da aka jefa a durowa aka daɗe ba a kira ba a sa kati, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, alat ɗinka ya koma shiga wayar baƙo. A riƙa sa masa ko na ɗari ne ana kira. Wanda kuma ya bar wani layi ya je banki a cire shi daga asusunsa.

Maman_Hanifa:
Duk kuna ta yanke mata hukunci. An tambaye ta ita me take so?

Dan_Mabera:
Maman Hanifa, na tambaye ta bayan na karanta maganarki ta farko. Da fari ta ce ita ta haƙura da waya gaba ɗaya. Da yamma jikarta ta kira a wayar ƙanwata, suka yi kusan rabin awa, daga nan ta yi shiru ba ta sake cewa ta haƙura ba. Yau mun dawo da layin, mun canza lambar sirri, ita ta zaɓa, ban gani ba. Mun kai ƙorafi a rubuce kamar yadda Abu_Maryam ya ce, an buga mana hatimi. Matan adashin sun zo gida, wadda ke da kwasa a wannan makon ta ce a ɗaga mata zuwa wata mai zuwa, mu 'ya'yanta za mu haɗa. Sim ɗin yanzu yana cikin tsohuwar ƙaramar wayata kafin in samu kuɗi. Ni har yanzu zuciyata ta fi kwanciya da ƙaramar, ƙanwata kuma tana nan kan bakanta.

Goggon_Yara:
Allah shi saka ma matan nan da alheri, shi ba Inna lahiya.

Hajiya_Arkilla:
Sabon katin da aka ba ku yau, kada ku yar da shi, PUK yana jiki. Ku sa a cikin takardun gida.

Malam_Sani_Kware:
@Injiniya_Nura, na duba ƙaramar wayar tsohuwarmu ban ga wurin kulle sim ɗin ba, menu ɗinta da Faransanci yake, daga Konni ta Nijar aka kawo mata ita. In na turo hoton fuskar za ka iya nuna mini inda zan shiga?